Tsakaninka da Lauyanka: Ciniki, Biya da Rabuwa

Jawabin da wani lauya ɗan ƙungiya ya gabatar a taron 'yan'uwa a Maiduguri

 



Shugabannin wannan ƙungiya sun umarce ni da in yi magana a kan kuɗin lauya, watau yadda ake yanka shi, da yadda ake karɓarsa, da kuma yadda mutum zai rabu da lauyansa idan zama ya ƙi daɗi. Dalilinsu kuwa shi ne yawan ƙorafin da ake kawo musu. Wannan ya zo ya ce lauya ya karɓi kuɗinsa bai je kotu ba, wancan ya ce lauya ya riƙe masa takardar gida, su kuma lauyoyin suna cewa mutanenmu ba sa biya sai wuƙa tana wuya. To ni dai lauya ne, kuma an ce wanzami ba ya son jarfa, amma tunda an miƙo mini askar zan yi askin tsakani da Allah. Wanda ya ji zafi ya yi haƙuri, ko a cikinku ko a cikinmu.

Bari in fara da abin da ya sa wannan harka take ba mu wuya. Iyayenmu da kakanninmu da suka zauna a Yerwa, wasu fatauci ne ya kawo su, wasu sun yiwo gabas neman karatun Alƙur'ani, wasu hanyar Makka suka ɗauko ta ƙasa Allah ya nufa a nan abincinsu yake, wasu kuma jirgin ƙasa ya zo da su bayan ya iso garin nan a 1964. Duk cikinsu da wuya ka sami wanda ya san ƙofar ofishin lauya. In rigima ta tashi a Hausari ko Gwange, wurin mai unguwa ko Bulama ake zuwa, in ta gagara a tafi gaban alƙali, kuma a wancan zamani doka ba ta yarda lauya ya tsaya a kotun alƙali ba. Sai bayan Tsarin Mulki na 1979 ne manyan kotuna suka buɗe wannan ƙofa. Ashe ke nan lauya baƙo ne a cikin mu'amalarmu, ba mu gaji yadda ake ciniki da shi ba. Shi ya sa muka ɗauke shi muka sa a layin malamin zaure: ka je ka gaishe shi, ka ajiye kafin alƙalami, ka ce sauran sai Allah ya ba da nasara. Shi kuma, don kada ka tashi ka tafi wurin wani, sai ya ce, "Ba komai Alhaji, kawo abin da ya sawwaƙa." To daga wannan kalma ta "abin da ya sawwaƙa" ake shuka rigimar da za a girba bayan shekara biyu.

Abin mamaki, mutumin da zai yini a Kasuwar Shanu yana taya sa ɗaya, ya duba haƙori ya duba kofato, a ce masa albarka sau goma bai gaji ba, shi ne zai miƙa wa lauya shari'ar gidan da 'ya'yansa ke kwana a ciki bai tambayi ko nawa ne ba. Wai kunya yake ji. Ko kuwa yana tsoron in ya tsananta tambaya lauyan ba zai yi masa aikin da zuciya ɗaya ba.

Mu kuwa a zaman da muke yi a garin nan, abin ya fi shafarmu fiye da kowa. Ɗan gari in ya rasa takarda, yana da dangi da dattawan da za su tsaya su ce tun kakan kakansa wurin nasu ne. Kai da mahaifinka ya taso daga Haɗeja ko Katsina ko Damagaram ya sayi fili ya gina, babbar shaidarka ita ce takardar nan ta ciniki mai hannun Bulama, ko takardar mallaka ta gwamnati in Allah ya sa an yi ta. Wanda gobarar Kasuwar Monde ta watan Fabrairu 2023 ta shafa, ko wanda ruwan Alau ya shiga ɗakinsa a Satumbar 2024, ba sai an gaya masa darajar takarda ba. To wannan takardar ce muke ɗauka, ita kanta ta ainihi, mu damƙa wa lauya ranar farko, babu kwafi, babu rasit, babu yarjejeniyar ko nawa za a biya shi.

Abin da ya kamata kowa ya fara rarrabewa shi ne kuɗin da ke fita daga aljihunsa ba iri ɗaya ba ne. Akwai ladan lauya, wanda shi ne haƙƙinsa na ilminsa da lokacinsa. Akwai kuɗin kotu, kamar na shigar da ƙara, da na takardar rantsuwa, da na kai sammaci, da na karɓar kwafin hukunci. Wannan ba na lauya ba ne, asusun gwamnati yake shiga, kuma akwai rasit ɗinsa, ka nema a nuna maka. Sa'an nan akwai kuɗin ɗawainiya, irin na mota da masauki idan shari'ar tana Biu ko ta kai Abuja. In aka cuɗa ukun nan wuri ɗaya, ranar lissafi kai za ka ce ka ba da dubu ɗari uku, shi zai ce dubu ɗari kawai ya gani, sauran kotu da hanya suka ci, kuma mai yiwuwa ne dukanku gaskiya kuka faɗa.

Akwai kuma wani na huɗu wanda ba shi da suna a doka. Shi ne wanda za a rage murya a ce maka "na alƙali" ne, ko "na mai gabatar da ƙara". Jama'a, wannan cin hanci ne, mai bayarwa da mai karɓa duka sun yi laifi, kuma sau da yawa ko inuwar alƙalin kuɗin ba ya gani. Haka nan beli kyauta ne a doka, ko a caji ofis ko a kotu. Abin da lauya ke da haƙƙin karɓa shi ne ladan aikin da ya yi wajen neman belin. Kuma a yi hattara da mutanen nan masu rataye da jaka a bakin kotu, masu cewa "zo in haɗa ka da lauya". Ƙa'idar aikinmu ta hana lauya raba ladansa da wanda ba lauya ba, saboda haka babu la'ada a wannan harka. In an ba ɗan kamasho wani abu, daga jikinka aka yanka. Lauya na gaskiya sunansa yana cikin rajistar Kotun Ƙoli, kuma takardun da yake sa wa hannu suna ɗauke da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya mai sunansa da lambarsa.

To nawa ne ladan lauya? A da akwai jadawalin 1991, wanda ya shafi takardun filaye da gidaje kawai. A 2023 wani kwamiti da Antoni Janar na Tarayya ke shugabanta ya fitar da sabon umarni wanda ya maye gurbinsa, ya kuma haɗa har da shawara da tsayawa a kotu. An kasa jihohi kashi uku, Legas da Abuja su ne a sama, Borno tana cikin kashin da ya fi sauƙi. An kuma bambanta lauyan da bai kai shekara 10 da fara aiki ba, da wanda ya wuce haka, da mai lambar Babban Lauyan Nijeriya. Abin da aka rubuta a ciki shi ne mafi ƙarancin abin da lauya zai karɓa. Alal misali, rubuta takardar cinikin gida ko filin da kuɗinsa bai kai Naira miliyan 50 ba, kashi 10 cikin 100 ne. Ni a ganina wannan ya yi wa mai ƙaramin ƙarfi nauyi, kuma kowa ya san ba ko'ina ake binsa sau da ƙafa ba, amma dai ku san da shi, don kada lauya ya faɗi kuɗinsa ku ce ɓarawo ne. Ta ɗaya gefen kuma, Ƙa'idojin Aikin Lauya, waɗanda aka sabunta a 2023 suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 2024, sun hana lauya tsawwala kuɗi fiye da kima. Ana duba wuyar aikin, da lokacin da zai ci, da ƙwarewar lauyan, da girman abin da ake shari'a a kai.

Amma abin da ya fi mini daɗi a umarnin nan na 2023 shi ne ya wajabta wa lauya ya ba wanda ya ɗauke shi sharuɗɗan aiki a rubuce cikin kwana 14 da karɓar aikin. Ka ga yanzu ba sauran kunya. Ba kai ne ka ƙi yarda da shi ba, doka ce ta ce a rubuta. Mu kuma Musulmi ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. In za a rubuta, a tabbata an faɗi wace shari'a ce, a wace kotu, jimillar kuɗin nawa ne, kuma sau nawa za a biya. A faɗi ko akwai kuɗin zama a kowace ranar kotu, domin in akwai, duk ɗage shari'ar da aka yi daga aljihunka ne, kuma kun san yadda shari'ar fili take daɗewa a ƙasar nan. A faɗi ko kuɗin ya haɗa da ɗaukaka ƙara. Galibi bai haɗa ba, sabon ciniki ne. Sa'an nan a faɗi abin da zai faru in an yi sulhu a tsakiyar hanya. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi haɗa mutanenmu faɗa da lauyoyi, saboda mu mutane ne masu sulhu. Dattawa za su zauna a ƙofar masallaci su kashe maganar, kowa ya yi fatiha ya watse, ba wanda ya tuna akwai lauyan da ya yi wata takwas yana sintiri a kotu.

Akwai kuma cinikin kaso, inda lauya zai ce ba sai ka ba shi komai yanzu ba, in an karɓo kuɗin a ba shi kashi kaza. Malamanmu sun san irinsa a babin ju'ala. Doka ta yarda da shi a shari'ar haƙƙi, kamar bin bashi ko neman diyya, muddin kason bai wuce hankali ba. Amma ba a yarda da shi ba wajen kare wanda ake tuhuma da laifi; lauya ba zai ce a biya shi kaza in an sallami ɗanka ba. In za ka yi cinikin kaso, a rubuta ƙarara cewa kason daga abin da ya shigo hannu ne, domin hukuncin da alƙali ya karanta daban, kuɗin da aka ƙirga maka daban. Inda na fi jin tsoro shi ne shari'ar gado. Sai ka ga magaji ɗaya, don shi ne babba, ya yi wa lauya alkawarin ɗaki biyu ko fuloti ɗaya daga cikin gadon, alhali akwai marayu da matan mamaci da ba a shawarce su ba. Ba shi da ikon kyauta da rabon wani. Shi ma lauya ƙa'ida ta hana shi saye ko mallakar abin da yake shari'a a kansa, domin ranar da ya zama mai rabo a gidan, ba za ka san ko kai yake karewa ko kansa ba.

Yanzu sai maganar kuɗinku da ke biyowa ta hannunmu: bashin da aka karɓo, ko kuɗin haya, ko kuɗin gidan da aka sayar. Wannan amana ce. Tun 1964 akwai ƙa'idar da ta ce lauya ya buɗe asusu dabam a banki don kuɗin mutane, kada ya gauraya shi da nasa, ya kuma sanar da mai shi da zarar ya shigo. Ba a yarda ya juya shi ba ko da da niyyar mayarwa gobe. Kada wani ya ɗauka maganar fatar baki ce: a 2005 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin soke sunan wani lauya mai suna Charles Okike daga rajista, saboda kuɗin da ya karɓo wa wanda yake wakilta bai miƙa ba. Wanda aka soke sunansa kuwa ya tuɓe hula da riga ke nan, ba zai sake tsayawa gaban alƙali da sunan lauya ba sai in an mayar da shi.

To idan kai ne ka ƙi biya fa? A nan ma doka ba ta bar lauya ya yi yadda ya ga dama ba. Sashe na 16 na Dokar Lauyoyi ya shimfiɗa masa hanya. Sai ya rubuta takardar lissafin aiki, ya jera manyan ayyukan da ya yi maka da kuɗin da yake nema, ya sa hannu. Sai ya kai maka hannu da hannu, ko ya ajiye a adireshinka na ƙarshe da ya sani, ko ya aika ta gidan waya. Sa'an nan ya jira wata ɗaya cur kafin ya kai ka ƙara. Kotun Ƙoli ta jaddada waɗannan sharuɗɗa uku a shari'ar Oyekanmi da hukumar NEPA a shekara ta 2000. Sai dai in kotu ta gamsu cewa kana shirin yin abin da zai hana a biya shi, kamar a ce ka fara tattara kaya za ka tsallaka Kusuri ko Injamena, to tana iya ba shi izini ya shigar da ƙara kafin watan ya cika.

Wannan wata ɗaya ba na barci ba ne, naka ne. Sashe na 17 ya ba ka dama, in ka ga lissafin ya yi yawa, ka nemi Babbar Kotu ta sa a bi shi dalla-dalla a tantance abin da ya dace. In ka nema cikin watan nan, haƙƙinka ne. In ka bari ya wuce, sai in kotu ta ga dama. In shekara ta zagayo kuwa, ƙofar ta kusa rufewa. Mutanenmu da yawa in aka kawo musu takardar lauya sai su cusa ta ƙarƙashin katifa, wai in ba a karanta ba ba ta ci. Tana ci, wallahi.

Abin da lauya ba shi da ikon yi shi ne ya turo maka ɗan sanda saboda ladansa. Bashi ne, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Haka kai ma ba ka da ikon sa a kulle lauya don ka faɗi shari'a. Lauya aikinsa yake sayar maka, hukunci yana hannun alƙali, kuma duk lauyan da ya buga ƙirji ya ce lalle sai ka ci, ka riƙe aljihunka da kyau.

Tunda na ce askin na kowa ne, bari in juyo kanmu. Wallahi 'yan'uwa, muna da hali. Ranar da aka kama ɗanka a Gamboru da kayan da ba a san asalinsu ba, ƙarfe biyun dare za ka buga wa lauya waya, har da kuka. Ranar da aka sallame shi kuwa, sai ka ce addu'ar malam ce ta ci, a yanka rago a yi sadaka, lauya ya buga waya a ce Alhaji ya tafi Baga sarin kifi. In ya matsa, a tara masa dattawa su ba shi haƙuri, a ce ai ɗanmu ne. To ɗan naku yana biyan hayar ofis, yana biyan magatakarda, yana biyan kuɗin lasin kowace shekara, yana da iyali. Malamai suna nan zaune, su faɗa mana hukuncin wanda ya sa ɗan ƙwadago aiki ya hana shi ladansa. Kuma wannan hali ne ya sa wasu lauyoyi in sun ga mutuminmu sai su ce sai an biya duka kafin su buɗe fayil, mai gaskiya ya sha wuya saboda marar gaskiya.

Sai maganar rabuwa. Kai da ka ɗauki lauya kana da ikon sallamarsa duk ranar da ka so, da dalili ko ba dalili, kuma wanda ake tuhuma da laifi Tsarin Mulki na 1999 ya ba shi ikon kare kansa ta bakin lauyan da ya zaɓa. Amma sallama tana da hanya. Ba a yin ta da daina ɗaukar waya. Ka rubuta masa, ka nemi lissafi, ka biya abin da ya yi. In maganar tana kotu, tsohon lauya da sabo duka za su sanar da kotu an yi canji, kuma ƙa'ida ta ɗora wa sabon ya sanar da tsohon, ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya ga an biya shi. Saboda haka in sabon lauyanka ya tambaye ka ko ka gama da na farko, ba haɗa baki suka yi ba.

Me lauyan da aka sallama zai samu? Ladan gwargwadon aikin da ya yi, abin da malamai ke kira ujratul misli. Akwai shari'ar da Kotun Ƙoli ta yanke a 2004 tsakanin Bankin Savannah da wani lauya mai suna Opanubi, wadda ta dace da wannan wuri. Bankin ya ɗauke shi ya karɓo masa bashi a kan kashi 10 cikin 100. An karɓo wani ɓangare an ba shi kasonsa, daga baya bankin ya janye aikin daga hannunsa, sauran kuɗin kuma ya shigo bayan an rabu. Lauyan ya kai ƙara yana neman kasonsa na sauran. Kotun Ƙoli ta ce lauyan da aka sallama yana iya neman ladan aikin da ya riga ya yi, amma sai ya bayyana aikin filla-filla yadda kotu za ta iya yi masa kima. Bai yi haka ba, sai ya faɗi. Kun ga rashin rubutu ba ku kaɗai yake ci ba.

Yanzu ga inda na ce abin ya fi shafarmu. Idan ka sallami lauya yana bin ka kuɗi, doka ta ba shi ikon riƙe takardunka da ke hannunsa har ka biya, kamar yadda tela ke riƙe riga ko bakanike ya riƙe mota. Ba shi da ikon sayar da gidanka, ba shi da ikon jinginar da takardar a banki, riƙewa kawai zai yi. Amma riƙon nan kaɗai ya isa ya tsayar maka da ciniki, ko ya hana ka sabunta takarda a ofishin filaye, ko ya bar sabon lauyanka hannu rabbana a gaban alƙali. Maganinsa tun ranar farko ne. Ka ba lauya kwafi, ka riƙe ta ainihin sai ranar da kotu ta buƙace ta. In dole ne ka bar ta a wurinsa, ya rubuta maka cewa ya karɓi takarda kaza ranar kaza, ya sa hannu. Ka kuma ɗauki hotonta a waya, ka aika wa wani ɗan'uwa a Kano ko wani gari ya ajiye. Mun ga abin da ruwa ya yi. In kuwa ka biya shi duka, ba shi da sauran hujjar riƙe maka ko fallen takarda ɗaya.

Shi kuma lauya ba shi da 'yancin da kake da shi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, to ƙa'idarmu ma haka ta ce. Lauyan da ya karɓi aiki ba zai ajiye shi ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili: kamar ka matsa masa ya yi ƙarya ko ya kawo shaidar zur, ko ya gano yana da alaƙa da abokin shari'arka, ko kuma ka ƙi biyansa da gangan bayan kun yi yarjejeniya. Ko da dalilin ma, sai ya ba ka isasshen lokaci ka nemi wani, kuma in akwai kuɗin da ka biya na aikin da bai yi ba, ya mayar maka. A shari'ar laifi abin ya fi tsanani. Dokar tarayya ta 2015 ta ce lauya ya ci gaba har a yanke hukunci sai in kotu ta yarda ya janye, kuma ya ba da sanarwa aƙalla kwana 3 kafin ranar zama. Malamanmu na fiƙihu za su ce ai sun riga mu, domin a Muhtasar na Shaihu Halil wakilin da ya zauna da abokin husuma kamar sau uku ba ya tsige kansa sai da uzuri, shi ma wanda ya wakilta shi ba ya tsige shi haka kawai, don kada a cuci ɗaya ɓangaren da jan lokaci. Wannan kuma tsokaci ne ga masu canja lauya duk lokacin da suka ga shari'a ta juya musu baya. Alƙalai sun gane wannan dabara.

Wani abin da ke hana mutane rabuwa da lauyan da ba ya yi musu aiki shi ne tsoron zai tona musu asiri. Ku kwantar da hankalinku. Sirrin da ka gaya wa lauya yana nan a wuyansa ko bayan kun rabu, Dokar Shaida ta 2011 ma ta faɗi haka, kuma ba zai koma wurin abokin shari'arka ya tsaya masa a kan wannan magana ba. Sai dai in ka tilasta masa kai ka ƙara a kan ladansa, ko ka yi masa ƙazafi, an yarda ya faɗi gwargwadon abin da zai kare kansa da shi.

Idan lauya ya zalunce ka da gaske, ka fara da reshen Ƙungiyar Lauyoyi na Maiduguri, ka kai kukanka a rubuce tare da rasit da duk wata takarda. Sau da yawa a nan maganar take mutuwa. In ta gagara, akwai Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi da ke zama a Abuja, wanda tun daga 2020 mutum yake iya kai masa ƙara kai tsaye da takardar rantsuwa. Yana da ikon yi wa lauya gargaɗi, ko dakatar da shi, ko soke sunansa, ya kuma umarce shi ya mayar da kuɗi ko takardu. In kuwa kuɗinka na amana ya cinye, wannan cin amana ne a dokar Final Kod, ya wuce maganar bashi. Amma duk inda za ka je, abin da za a fara tambayarka shi ne ina shaidarka. "Na ba shi a mota, daga ni sai shi sai Allah" ba ta zaunar da ƙara. Ku riƙa biya ta banki, ko ku karɓi rasit.

Wanda ba shi da hali kuma kada ya sayar da akuyar matarsa tukuna. Akwai Hukumar Taimakon Shari'a ta tarayya, wadda aka fi sani da Ligal Ed, an kafa ta tun 1976, tana da ofis a garin nan, kuma dokarta ta 2011 ta ce ta tsaya wa wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya koma Naira 70,000 a 2024. Iyayenmu mata, akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, tana taimaka wa mata da yara, musamman zawarawa da marayu. A Jami'ar Maiduguri ma ɗaliban sashen shari'a suna ba da shawara kyauta a ƙarƙashin kulawar malamansu. Wanda ake tuhuma da laifin da hukuncinsa kisa ne kuwa, in ba shi da lauya kotu ce za ta sa a ba shi.

Ina roƙon shugabanni, in sun amince, mu lauyoyin da ke cikin ƙungiyar nan mu zauna mu rubuta samfurin yarjejeniya shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, a ajiye wurin sakatare, duk mai zuwa ɗaukar lauya ya karɓi kwafi ya tafi da shi. Wanda ba ya karatun boko kuma a haɗa shi da yaro ɗaya mai karatu ya raka shi, ba a rasa su ba a kowane gida yanzu.

Na ga shugaban taro yana duba agogo, la'asar ta gabato. Mai tambaya ya yi, sai dai ina roƙo kada a kama sunan wani lauya a bainar jama'a. Wanda maganarsa ta kai haka ya same ni bayan salla, ya zo da takardunsa.